Neman haihuwa a asibiti: wace ƙofa za ku shiga, wacce za ku tsaya a bakinta?

Shekara shida ƙanwata ta yi a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe da saiwoyi, an kai ta wajen mai ruƙiyya har sau biyu, gorin dangin miji kuwa ta haɗiye shi iya haɗiya. Ranar da na raka ta wani asibitin kuɗi a Abuja karɓar sakamako, likita ya gama bayani ya miƙo mata takarda guda, an jera hanyoyin neman haihuwa a kai, kowace da farashinta a gefe. Muka fito baranda muka zauna a benci. Ta riƙe takardar da hannu biyu ta daɗe tana kallo, can ta ɗago ta ce, "Yaya, wanne ne halas a nan, kuma wanne ne zai yi?" Tambaya biyu ta haɗa a numfashi ɗaya, kuma duk ma'auratan da suka kai wannan gaɓa sai sun amsa su biyun. Wanda ya amsa ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya zubar da dukiya da shekaru a banza, ko ya samu ɗan ya rasa barci.

A fara da sanin ciwon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ƙa'idar likitoci, idan aka shekara ana tare ba tare da maganin tsarin iyali ba kuma ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi. Macen da ta haura 35 wata shida ya ishe ta jira. Binciken farko bai da yawa: gwajin maniyyin miji, hoton da ake ɗura wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko bututun ƙwai a buɗe suke, sai sikanin da gwajin jini da ke nuna ko ƙwai yana fita da kuma yawan wanda ya rage.

Na sa gwajin miji a gaba da gangan. Shi ne mafi araha, babu allura babu zafi, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke fama, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Mijin ƙanwata shekara shida yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, don a tunaninsa ƙarfin kwanciya shi ne haihuwa. Da ya yarda aka duba, sai ga ƙwayoyin sun yi kaɗan ƙwarai, mafi yawansu ma ba sa motsi. Likita ya tambayi tarihinsa, ya tuna hangum ɗin da ya yi bayan ya balaga, wanda ya sauka ya kumbura masa maraina. Ita kuwa bututunta biyu a buɗe, ƙwanta yana fita kowane wata. A gabana ya sunkuyar da kai ya ce mata, "Ki yafe mini." Na ga girmansa a ranar, amma shekaru shidan nan daga cikin shekarun ƙwanta aka ɗebe su, kuma ba su dawowa. Idan gwajin farko ya fito da rauni, akan maimaita bayan kamar wata uku, saboda jiki yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi. Maza kuma su kiyayi alluran ƙarin ƙarfi masu sinadarin testosteron: suna iya tsayar da samar da ƙwayoyin gaba ɗaya.

Ƙwayar magani, ɗuri, ko dashe

Ƙofa ta farko ita ce ƙwayoyin da ke sa ƙwai ya nuna ya fito, irin su Clomid da letirozol. Na macen da al'adarta ke tsallake watanni ne saboda ƙwai ba ya fita. Suna da araha, babu malamin da ya yi jayayya a kansu, kuma ga wadda ciwonta ke nan sau da yawa sun wadatar. Illar ita ce yadda mata ke sayensu a kemis bisa shawarar ƙawa, su yi shekara suna sha. Likitoci ba su cika wuce zagaye shida da su ba, kuma idan bututu ya toshe ko miji ba shi da ƙwayoyi, ko buhu aka sha ba abin da zai canza.

Ta biyu ɗurin maniyyi, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa IUI. A karɓi maniyyin miji, a wanke shi a tace masu ƙarfin, a zura su cikin mahaifa da siririyar roba a ranar da ƙwai zai fita. Aikin 'yan mintuna ne, ba a sa barci, mace ta tashi ta tafi gida. Sharaɗinsa aƙalla bututu ɗaya a buɗe, da ƙwayoyi masu motsi daidai gwargwado. Nasararsa a kowane zagaye ba ta cika wuce ɗaya cikin goma da wani abu ba, shi ya sa ake cewa idan an yi sau uku ko huɗu bai kama ba, a matsa gaba.

Ta uku dashen ƙwai, wato IVF. Da shi aka haifi Louise Brown ranar 25 ga Yuli 1978 a garin Oldham na Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, kuma Edwards ya karɓi kyautar Nobel a kan aikin a 2010. A Najeriya Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980, a 1998 kuma aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa na Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Yadda yake: mace za ta yi ta yi wa kanta allura a fatar ciki kullum har kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, ana bin ta da sikanin. Sai allurar ƙarshe, bayan awa 36 a sa ta barci a zuƙo ƙwayayen da doguwar allura ta gaba. A haɗa su da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a rene su kwana uku zuwa biyar, a mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa. Daga nan sai jiran mako biyu, wanda ƙanwata ta ce ya fi alluran duka wuya. Na ga cikinta a lokacin, duk tabon allura shuɗi-shuɗi, tana neman inda ba a huda ba.

Idan rauni daga miji ne sosai, akwai reshen dashen da ake kira iksi, wanda aka fara a Beljiyam a 1992: a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwai da allura mai siririn gaske. Har mutumin da ba a ga komai a maniyyinsa ba, wani lokaci akan samo 'yan ƙwayoyi daga maraina ta ƙaramar tiyata. Wannan ya buɗe wa maza da yawa ƙofar da a da aka ce musu ta rufe, kuma shi aka yi wa su ƙanwata.

To tsakanin ɗuri da dashe fa? Mutane sukan zaɓi ɗuri saboda kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta, dashe kuwa miliyoyin naira yake ci, kuma kuɗin zagaye ɗaya ne, ko an samu ciki ko ba a samu ba. Ra'ayina shi ne a bar dalili da shekaru su yi zaɓin. Mace 'yar ƙasa da 35, bututu a buɗe, maniyyi ba laifi, an rasa gano dalili: ta gwada ɗuri, babu gaggawa. Bututu biyu a toshe, abin da ya yi yawa a wajenmu saboda ciwon sanyin da ba a yi wa magani da wuri ba da cututtukan da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari: ɗuri asarar kuɗi ne tsantsa, hanyarta dashe. Maniyyi ya yi rauni ƙwarai: iksi. Mace ta doshi 38 ko ta haura: kowane wata da aka ɓata a ƙaramar hanya yana rage damar babbar. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan asibitocin haihuwa a Birtaniya sun nuna cewa ga 'yan ƙasa da 35, kusan ɗaya cikin uku na dashen da aka yi ke ƙarewa da haihuwa. Tsakanin 40 da 42 ya sauko kusan ɗaya cikin goma, daga 43 zuwa sama kuma wajen ɗaya cikin ashirin, idan da ƙwan matar aka yi. Duk asibitin da ya yi muku alkawarin tabbas, ku ɗauki jakarku.

Akwai abin da nake roƙon mata su yi tunani a kai tun kafin ranar dashe. Wadda ta sayar da gwal ɗinta da filin gadonta takan ce wa likita ya saka uku ko huɗu, a yi ta ta ƙare. Na fahimce ta sarai. Sai dai cikin 'yan uku yana zuwa da hawan jini da jijjiga da haihuwar bakwaini, jarirai a kwalba makonni, wani lokaci a fita hannu wofi bayan duk wahalar. Idan kuma suka kama da yawa likita zai kawo maganar rage wasu a ciki, ku faɗa cikin tambayar da ta fi ta farko nauyi. Saka ɗaya, ko biyu ga mai shekaru, a daskarar da sauran, ya fi aminci. Haka kuma alluran kan sa ma'ajiyar ƙwai ta kumbura ruwa ya taru a ciki. Ciwon ciki mai tsanani ko sarƙewar numfashi bayan ɗebe ƙwai na komawa asibiti ne a daren, ba jiran safiya.

Inda malamai suka ja layi

Shekara biyu kacal bayan haihuwar Louise Brown, a 1980, Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar da har yau ita ce ginshiƙi a wajen Ahlus Sunna. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta jera siffofi bakwai, ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata: ɗuri da dashe, matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar ma tata ce. Hujjar halascin a sarari take: rashin haihuwa ciwo ne, an kuma umarce mu da neman magani, Annabi Zakariyya ma bai daina roƙo ba har tsufa. Ayar Suratus Shura da ta ce Allah yana sanya wanda ya so bakarare ba ta hana nema ba, kamar yadda sanin cewa arziki na Allah ne bai hana noma ba.

Sharuɗɗan su ne wurin lura. Dole igiyar aure tana nan a ranar dashen, don haka ƙwan da aka daskarar ba a mayar wa mace shi bayan saki ya yanke ko bayan miji ya rasu. Dole a tsare samfur daga cakuɗuwa da na wasu. A nemi likita mace idan akwai, idan babu a je wa namiji amintacce ba tare da keɓewa ba. Fitar da maniyyi don gwaji, wanda maza da yawa ke fakewa da shi, malamai da dama sun sauƙaƙa shi saboda lalura, kuma ana iya yi da taimakon matar.

Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba. Cocin Katolika, a takardarta ta 1987 da ta sake jaddadawa a 2008, ta ƙi dashen ƙwai ko da tsakanin miji da mata ne, saboda ya raba samun ciki da saduwar aure, kuma yana jawo zubar da ƙwayayen da take ɗauka rayuka ne tun daga ranar haɗuwa. Coci-cocin Furotesta da dama sun yarda da shi a cikin aure. Ma'aurata su san matsayin cocinsu tun kafin su biya kuɗi.

Ƙwan wata, maniyyin wani

A nan ne jarrabawar take, kuma ba zan ɓoye ƙarfinta ba. Mace 'yar 44 da ƙwanta damarta ƙarama ce ƙwarai, amma idan aka sa mata ƙwan yarinya 'yar ashirin da wani abu, damar takan koma kusa da ta mai ƙwan. Likitan da ya faɗa miki haka gaskiya ya faɗa. Za ki ɗauki ciki, ki yi laulayi, ki haihu, a yi suna, ba wanda ya sani.

A wancan asibitin na Abuja, wata rana da mijin ƙanwata bai zo ba, wata ma'aikaciya ta ja ta gefe ta ce, "Hajiya, in kina so akwai taimakon da ake yi, ba sai Alhaji ya sani ba." Maniyyin wani take nufi. Ƙanwata ta fito jikinta yana rawa, ba mu sake taka wurin ba. Wannan raɗar ita ce abin da na fi tsoro a harkar nan gaba ɗaya, don tana samun mace a ranar da ta fi kowace rauni.

Malaman Sunna sun haɗu a kan haramcin shigar mutum na uku, ko da ƙwai ko da maniyyi, saboda nasaba: wa zai ci gado, wa ya haramta a aura, wa zai zama waliyyi. A Iran Ayatullahi Khamenei ya ba da fatawa a 1999 da ta buɗe ƙofar bisa sharuɗɗa, majalisar ƙasar kuma ta yi dokar bayar da haɗaɗɗen ƙwai ga wasu ma'aurata a 2003, ko da yake manyan malaman Shi'a da dama ba su yarda da maniyyin wani ba. Abin da ya ƙara tsayar da ni shi ne ganin yadda ƙasashen da suka halatta abin suka ƙare da tambayar nasabar da malamanmu suka fara da ita. Birtaniya ta soke ɓoye sunan mai bayarwa a 2005, saboda 'ya'yan da aka haifa ta haka sun girma suna neman sanin iyayensu. A Holan gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ya tabbatar a 2019 cewa wani likita, Jan Karbaat, shi ne uban yara 49, ya yi ta amfani da maniyyinsa ba da sanin matan ba. Yau da gwajin DNA ya zama na kowa, asirin da aka binne ana tono shi ne a hannun yaron da bai ji ba bai gani ba. Ga kuma yarinyar da ke ɗaya ɓangaren, wadda talauci ya sa take sayar da ƙwanta sau da yawa, tana shan alluran nan da haɗarinsu. Abin ya kai Jami'ar Ibadan ta gargaɗi ɗalibanta mata a kai a 2025. Najeriya har yanzu ba ta da cikakkiyar dokar tarayya da ta tsara wannan harka. Jihar Legas ce ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019.

Hayar mahaifa, da tambayar kishiya

Akwai macen da ƙwanta lafiya lau amma babu mahaifa, ko an cire ta don ceton rai bayan zubar jini a haihuwa, ko an haife ta haka. Ita ce ake wa tayin a haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a saka a cikin wata. A gidajenmu tambayar da ke biyo baya nan take ita ce: to idan kishiyarta ce fa, ai mijin ɗaya ne? Malamai sun yi wannan tunanin. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta shi a 1984, sai ta dawo a 1985 ta janye. Dalilinta: kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a haifi tagwaye ko ɗaya ya zube, a rasa na wace ce ya rayu. Ga kuma ayar Suratul Mujadala da ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su. Mai ƙwai ce uwa, ko mai naƙuda? Duk wadda ta zauna a gidan kishi ta san abin da wannan tambaya za ta zama ranar da aka yi faɗa, ko ranar rabon gado. Ina girmama majalisar da ta iya cewa mun sake dubawa, mun janye.

Inda aka mayar da abin kasuwa ma labarin bai yi daɗi ba. A Amurka wata mata da aka yi yarjejeniyar biyanta dala 10,000 ta haihu a 1986 ta ce ba za ta rabu da jaririyar ba, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin New Jersey ta rushe yarjejeniyar a 1988, ta bar yarinyar a hannun uban. A Tailan a ƙarshen 2013 wata ta haifa wa wasu 'yan Ostireliya tagwaye, suka tafi da macen, namijin mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta girma da fahimta, ya zauna a hannunta. A 2015 ƙasar ta hana baƙi. Indiya, wadda ta daɗe tana cibiyar wannan kasuwa, ta haramta ta kuɗi da dokar 2021. Italiya a 2024 ta mayar da shi laifi ko a wata ƙasa ɗan ƙasarta ya je ya yi, a farkon shekarar kuma Fafaroma Francis ya nemi a hana shi a duniya baki ɗaya. A Najeriya ana yi, dillalai suna talla a Instagram, amma idan mai cikin ta mutu a naƙuda ko ta ƙi miƙa jaririn, babu tsayayyar dokar da za ta raba gardama.

Masu AS biyu

Akwai waɗanda suke haihuwa lafiya amma dashe ya shafe su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, har Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024. To waɗanda suka riga suka yi auren fa? Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Da dashe ana iya ɗebar 'yan ƙwayoyin halitta daga haɗaɗɗen ƙwai a kwana na biyar, a gwada, a mayar da AA ko AS. Idan aka kwatanta da gwada ciki bayan ya shiga a zubar, wannan ya fi sauƙi a zuciya da kuma a wajen malamai da yawa, tunda ba a kai ga mahaifa ba. Tsadarsa ta fi ta dashe zalla, gwajin kan yi kuskure jefi-jefi, kuma ana iya gama zagaye a rasa wanda za a mayar. Uwar da ta kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ita ta san ko ya cancanci kuɗin. Amfani da wannan gwaji don zaɓen namiji kawai kuwa, majalisar Makka a 2007 ta hana, sai idan akwai cutar gado da ke bin jinsi ɗaya.

Sauran ƙwayayen da suka rage ana ajiye su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana biyan kuɗin ajiya. Majalisar ƙasashen Musulmi a Jidda a 1990 ta ce a taƙaita haɗawa ga abin da ake buƙata, wanda ya yi saura a bar shi ya ƙare da kansa, kada a ba wata. Kotun ƙolin jihar Alabama kuwa a 2024 ta ce daskararren ƙwai yaro ne a idon doka, har wasu asibitoci suka dakatar da aiki na ɗan lokaci.

Riƙo, da ƙarin aure

Ƙarin aure shi ne shawarar da dangi ke fara kawowa. Halas ne, amma idan matsalar daga miji take, an ƙara yawan masu kuka ne kawai, idan kuma daga uwargida take, shi ya samu, ita tana nan inda take. A yi gwaji tukuna.

Riƙo kuwa ina jin ciwon yadda muka fara kallonsa kamar abin da ake komawa bayan an gaza. Kakanninmu sun ɗauki ɗan ɗan'uwa tun daga yaye har aure, kuma Nana A'isha ba ta haihu ba, da ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu ake mata alkunya. Iyakar da Suratul Ahzab ta sa ita ce a kira yaro da sunan ubansa. Ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta da rai, ko wasiyya har sulusin dukiya. Maganar muharramaka shayarwa tana warware ta: idan 'yar'uwar matar ta shayar da yaro namiji kafin ya shekara biyu, matar ta zama innarsa, idan 'yar'uwar mijin ta shayar da mace, ya zama kawunta. A mazhabar Malikiyya sha ɗaya da ya isa ciki ya wadatar, Shafi'iyya suka ce biyar. Maraya a bi da shi ta ma'aikatar walwala da kotu. A guji duk mai cewa ciki ya ɓuya, sikanin ba zai gan shi ba, sai an biya kuɗin maganin naƙuda: binciken BBC a Anambra a 2024 ya nuna yadda ake yi wa mata allura ciki ya kumbura, daga ƙarshe a miƙa musu jaririn da aka sayo. Riƙo da neman magani kuma ba kishiyoyi ba ne, ana iya haɗa su.

Idan kun yanke shawarar dashe, ku shiga asibitin da tambayoyi a rubuce. Mata nawa masu shekarun matata suka haihu, ba suka ɗauki ciki ba? Wa ke shaida lokacin da ake rubuta suna a kan samfur, mutum ɗaya ne ko biyu? Idan wuta ta ɗauke me ke riƙe na'urar reno? Kuɗin nan ya haɗa da allurai da daskararwa? Ku sa a rubuta cewa ba ku yarda da ƙwai ko maniyyin kowa ba, ba ku kuma yarda a ba kowa naku ba, ku biyun ku sa hannu.

A asibiti na biyu da su ƙanwata suka koma, an samu ƙwai uku masu kyau, aka mayar da ɗaya, bai kama ba. Ta yi kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba. Biyu suna nan a daskare. A takardar ajiyar akwai layin da ke tambayar abin da za a yi da su idan aure ya mutu ko ɗayansu ya rasu. Mijin ya karɓi biro ya rubuta a bar su su ƙare, kada a ba kowa, ya sa hannu, ya miƙa mata. Da na je gidan makon jiya na tarar da ita a tsakar gida tana yi wa 'yar wan mijinta kitso, yarinyar da suka ɗauko riƙo tun bara, kalandar asibiti a rataye jikin ƙofa an zagaye ranar da za su koma.